Kundin Ɗalibin Injiniya: A Rubuta Yadda Mai Walda Zai Iya Ƙerawa

  Gaisuwa ga mutanen Jega, gaisuwa ga mutanen Aliero, gaisuwa ga mutanen Maiyama, da duk inda wannan murya ta kai.

Shirinmu na yau na ɗaliban injiniya ne, maza da mata, musamman 'yan ajin ƙarshe. Amma iyaye, kada ku murɗa akwatin. Akwai rabonku a ciki.

Kun san muna da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero. An kafa ta a 2006, zamanin mulkin Gwamna Muhammad Adamu Aliero, yanzu kuma tana amsa sunan Abdullahi Fodiyo. Karatun injiniya shekara 5 ne. A shekarar ƙarshe, ɗalibi sai ya yi wani aiki na musamman, wanda ɗalibai ke kira furojet. Aikin nan gida biyu ne. Akwai abin da aka ƙera ko aka gwada. Akwai kuma kundin da aka rubuta a kansa. Da yawa sukan ƙarar da ƙarfinsu wajen ƙira, su bar rubutu sai lokaci ya ƙure. Alhali kuwa na'ura takan yi tsatsa a bayan ɗakin ƙere-ƙere, kundin ne ke zama a laburare shekara da shekaru da sunanka a bango. Yau a kan kundin za mu tsaya.

To, me ake nema a kundin injiniya? Ga ma'auni ɗaya. Ku riƙe shi, don zan yi ta maimaita shi. A ɗauki kundinka a kai wa mai walda a Jega, wanda bai taɓa ganinka ba. A sami wanda zai karanta masa. Shin zai iya ƙera abin da ka ƙera? In ya ƙera ya gwada, shin zai sami sakamako kusa da naka? In zai iya, ka rubuta kundi. In kuwa sai ya buga maka waya ya tambayi kaurin ƙarfe, to da sauranka.

Za mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe, kuma ba sai mun je nesa ba. Albasa. Kowa ya san Aliero da albasa. Kowa ya san yadda farashinta ke faɗuwa lokacin da aka cire ta, ya kuma tashi in damina ta kankama. Manomin da ya iya ajiye albasarsa ya ci riba. Sai dai a rudu, wato ma'ajiyar gargajiya ta manoma, wata ta ruɓe, wata ta yi tsiro, wata ta bushe ta rage nauyi. To a ce wata ɗaliba ta zaɓi ƙera ma'ajiyar albasa mai shigar iska, don ta rage wannan asara. Da ita za mu yi tafiya.

Kashi na farko: yaushe ake fara rubutu?

Ranar da aka amince da kan aikinki, ranar ake farawa. Ki sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, ki keɓe shi don wannan aiki kaɗai. Duk abin da kika yi, ki rubuta da kwanan wata. Kin sayi ƙarfe? Rubuta girmansa, da kuɗinsa, da inda kika saya. Kin auna zafi? Rubuta lambar da kuma ƙarfe nawa ne na rana. Fanka ta ƙi juyawa? Rubuta, ki kuma rubuta abin da kika yi ta juya. Ki ɗauki hoto a kowane mataki, tun ana yankan ƙarfe. Bayan an shafa fenti, babu hoton da zai nuna yadda aka haɗa ciki.

Sannan ki dubi kalanda. Albasa tana da lokacinta, jami'a ma tana da nata. Gwajin ajiya makonni yake ci. Wanda bai sa albasa a ma'ajiya da wuri ba, ranar kare kundi za ta zo ba shi da abin nunawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka wanda aikinsa ya shafi famfon ban ruwa a fadamar Maiyama, ko injin casar shinkafa. Kowanne da lokacin da ake samun abin gwajinsa.

Abu na ƙarshe a wannan kashi: ki je ofishin sashenku ki karɓi takardar ƙa'idojin rubuta kundi, ki kuma zauna da malamin da ke duba aikinki, wato sufabaiza. Duk abin da zan faɗa yau shi ne aka fi yi a jami'o'in Najeriya. In ƙa'idar sashenku ta saɓa da maganata, ta sashenku za ki bi.

Yanzu kashi na biyu: babi-babi. Yawanci 5 ne.

Babi na 1 gabatarwa ce. Mece ce matsalar? Me kike son cimmawa? Ina aikin ya tsaya? Shi ke nan. Kada ki ɓata shafuka kina ba da tarihin noma tun daga farkon duniya. Ki faɗi manufa ɗaya babba, sannan ƙananan burika 3 ko 4 waɗanda za a iya aunawa. Misali: zana ma'ajiyar, ƙera ta, gwada ta a gefen rudu, da lissafa kuɗinta. Ki riƙe waɗannan burika da kyau, don a babi na ƙarshe za a tambaye ki kowanne.

Babi na 2 bitar ayyukan da suka gabata ne. Wa ya taɓa yin irin wannan? Me ya samu? Ina ya gaza, har kike ganin akwai wurin da za ki sa hannu? A nan ne ake zamewa, saboda haka bari mu ɗan daɗe.

Duk jimlar da kika ɗauko daga wani, duk lamba, duk zane, ki faɗi mai shi. Akwai salon da ake kira APA, inda ake sa sunan marubuci da shekara a cikin rubutu. Akwai salon IEEE, wanda injiniyoyin lantarki suka fi amfani da shi, inda ake sa lamba, sai a jera sunayen a ƙarshe bisa lambobin. Ki tambayi wanda sashenku ke bi, ki tsaya a kansa daga farko har ƙarshe. Kada ki gauraya. Duk sunan da ya fito a cikin rubutu, ya fito a manazarta, wato jerin littattafan da ke ƙarshen kundi. Duk wanda ke manazarta kuma, a same shi a cikin rubutu. Akwai manhajoji na kyauta, irin su Zotero da Mendeley, da ke taimakawa wajen wannan jeri.

Kada wani ya ce maka wannan al'adar Turawa ce. Jega da Aliero da Maiyama duk ƙasar Gwandu ce. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda jami'ar ke amsa sunansa, ya rubuta littafi sukutum mai suna Ida'un Nusukhi. A ciki ya jera malaman da ya ɗauki ilimi a wajensu, da littattafan da ya karanta a gabansu. Faɗin inda ka samo ilimi gadonmu ne. Ɗalibin da ya kwafe aikin wani ya manna sunansa ya yi sata, kuma jami'o'i yanzu suna da manhajoji irin su Turnitin da ke gano rubutun da aka kwafo.

Sai kuma abin da ya zo mana a 'yan shekarun nan, manhajojin da ake tambaya su rubuto amsa, irin su ChatGPT. Ku saurara da kyau. Waɗannan manhajoji sukan ƙirƙiro sunan marubuci da sunan maƙala da shekara, alhali babu su a duniya. Duk takardar da ba ka buɗe ka karanta da idonka ba, kada ta shiga manazartarka.

Babi na 3. Masu sauraro, in akwai inda nake so ku kasa kunne, nan ne. Wannan shi ne babin mai walda. Kayan aiki da yadda aka yi.

Kada ki rubuta cewa an yi amfani da ƙarfe mai ƙarfi. Wane ƙarfe? Faɗinsa milimita nawa? Kaurinsa nawa? Kada ki rubuta cewa an sa fanka. Mai wat nawa? Tana cin bolt nawa? Me ya sa kika zaɓi wannan girman, ba wanda ya fi shi ba? Amsar wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta raba injiniya da mai kwaikwayo. Ki nuna lissafin. Albasa kilo nawa za a zuba, wane fili za ta ci, wane nauyi ƙafafun ma'ajiyar za su ɗauka, iska nawa ake so ta ratsa. Kowace ƙa'idar lissafi ta tsaya a layinta, da lambarta a gefen dama, a ƙarƙashinta kuma a bayyana abin da kowane harafi ke nufi.

Sai zane. Hoton waya ba ya maye gurbin zanen injiniya. Ana son zanen gaba, da na gefe, da na sama, kowanne da awonsa. Da zanen mai walda zai yi aiki. Zane marar awo ba zai amfane shi da komai ba.

Sai maganar awo kanta. Buhu ba awo ba ne. Buhun wannan kasuwa daban, na waccan daban. Mudu ma haka. A kundi, nauyi da kilogiram ake faɗinsa, tsawo da mita ko milimita, zafi da digirin Salsiyas. Kuma kowace lamba ta zo da sunan awonta a gefe. In kin rubuta 40 kawai, ba mu sani ba ko santimita ne, ko kilo, ko digiri.

Kada ku ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A watan Satumba na 1999, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mars. Da aka bincika, sai aka tarar wani rukunin injiniyoyi ya yi lissafin ƙarfin turi da awon fam, ɗaya rukunin kuma ya karɓi lambobin a matsayin awon niyuton. Fam ɗaya na ƙarfi ya fi niyuton 4. Kumbon ya yi ƙasa fiye da kima, ya salwanta. Manyan injiniyoyi ne, kuma sunan awo ne ya kayar da su.

A ƙarshen wannan babi, ko inda sashenku ya ce, ki kawo jadawalin kuɗi. Kowane kaya, adadinsa, farashinsa, har ladan walda da kuɗin dako. Ki rubuta watan da shekarar da kika yi sayayya, don farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Manomin da zai ji labarin ma'ajiyarki, tambayarsa ta farko ita ce nawa za ta ci.

Mu shiga babi na 4, sakamako da sharhi. Nan ma wurin tsayawa ne.

A ce ɗalibarmu ta zuba kilo 50 a ma'ajiyarta. Bayan mako 8 ta auna ta sami kilo 44. Ta rasa kilo 6, wato kashi 12 cikin 100. To, wannan nasara ce ko akasinta? Ba wanda ya sani, sai in ta zuba wani kilo 50, daga gona ɗaya, rana ɗaya, a rudu irin na manoma, ta auna su tare. Da kwatanci ake gane amfanin sabon abu. Kuma kada a auna sau ɗaya a ce an gama. A maimaita, a ɗauki matsakaici, a faɗi sau nawa aka auna da kuma irin sikelin da aka yi amfani da shi.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. A ce sakamakon bai yi daɗi ba. A ce albasar ma'ajiyarta ta fi ta rudu ruɓewa. Me za ta yi? Ta rubuta hakan. Na maimaita: ta rubuta hakan. Sannan ta nemi dalili. Ko laima ce ta taru a ƙasa? Ko rufin kwano ne ya tara zafi, a ƙasar da zafin bazara kan haura digiri 40? Ko albasar ba ta sha iska ta bushe ba kafin a zuba? Wannan bincike na dalili shi ne sharhi, kuma shi malamai ke nema. Wanda ya zo bayanta zai karanta, ya kauce wa ramin. In kuwa ta gyara lambobi don su yi kyau, wata rana wani zai gaskata ta, ya ƙera, ya zuba albasar shekararsa a ciki. Wanda ya saba gyara lambar albasa yana ɗalibi, gobe lambar siminti da rodi zai gyara, mutane kuma a ƙarƙashin ginin za su kwana. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Game da jadawali da zane a wannan babi, ga ƙa'idar da aka fi bi. Sunan jadawali a samansa yake. Sunan hoto ko zane a ƙasansa. Kowanne da lambarsa. Jadawali 4.2 na nufin jadawali na 2 a babi na 4. Kuma kada ka manna zane ka wuce. Ka ambace shi a cikin rubutu, ka faɗi abin da kake so mai karatu ya gani a ciki.

Babi na 5 gajere ne. Ki koma kan burikan babi na 1, ki amsa su ɗaya bayan ɗaya, da lambobi. Sannan ki faɗi abin da ya kamata na gaba ya gwada. Kada sabon sakamako ya ɓullo a nan.

Kashi na uku: tsarin shafi. Wannan za mu bi shi da sauri, don takardar sashenku ta fi ni bayani.

Takarda A4 ake amfani da ita. Samfurin haruffa yawanci Times New Roman ne, girma 12, da tazara biyu tsakanin layuka. Gefen hagu ya fi sauran faɗi, don nan ɗauri zai ci. Shafukan farko, wato shafin take, da tabbatarwa, da sadaukarwa, da godiya, da tsakure, da ƙumshiya, da ƙananan lambobin Romawa ake ƙirga su. Daga babi na 1 sai a fara da lamba 1. Manyan zane-zane, da dogayen lambobin gwaji, da rubutun manhajar kwamfuta, a rataye ake sa su, can bayan manazarta.

Tsakure shi ne taƙaitaccen bayanin aikin duka, kada ya wuce shafi ɗaya. A gaba yake zama, amma a ƙarshe ake rubuta shi. Ya faɗi matsala, da abin da aka yi, da abin da aka samu, da lambobi. Mutane da yawa shi kaɗai za su karanta.

Ga dabaru uku da za su rage muku wahala. Ku koyi yadda manhajar Word ke haɗa ƙumshiya da kanta, don in shafi ya motsa, lambobin su bi shi. Kafin ku kai shagon buga takardu kuma, ku mayar da kundin PDF. In ba haka ba, kwamfutar shagon na iya watsa muku jadawali, ta tura kan babi ƙasan shafi. Sannan kada kundi ya zauna a filash ɗaya. Filash na ɓata, bairos na cinye shi, kwamfuta na mutuwa. Duk ranar da kuka yi rubutu, ku tura wa kanku ta imel.

Maganar harshe fa? Da Turanci ake rubuta kundin, na sani, kuma nan wasu ke jin tsoro. Ba a neman manyan kalmomi. Ana neman gajerun jimloli masu faɗin abu ɗaya. Ga abin da nake ba da shawara. Kafin ka rubuta sakin layi, ka bayyana shi da Hausa ga mahaifiyarka ko ga wani manomi. In sun gane, ka fahimci abin da kake yi, sai ka zauna ka rubuta. In ka kasa faɗinsa da Hausa, matsalar ba ta Turanci ba ce.

Wannan ƙwarewa za ta bi ka har wurin aiki. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970 don kula da aikin injiniya a Najeriya, ita da hukumar jami'o'i ta NUC suna tantance kwasa-kwasan injiniya, kuma masu tantancewa sukan buɗe kundayen ɗalibai su gani. A 2023 COREN ta zama cikakkiyar mamba a yarjejeniyar Washinton, inda ƙasashe ke amincewa da ingancin karatun injiniyan juna. Cikin abubuwan da yarjejeniyar ke nema ga wanda ya kammala, akwai iya rubuta rahoto mai fita sarai.

Kashi na ƙarshe: ranar kare kundi, wadda ɗalibai ke kira difens. A nan nake so iyaye su matso kusa.

Ranar nan ɗalibi zai tsaya gaban malamansa, galibi har da mai jarrabawa daga wata jami'a. Za a buɗe kundin a tambaye shi. Me ya sa ka zaɓi wannan kauri? Daga ina wannan lamba ta fito? Wanda ya yi aikin da hannunsa zai amsa, ko da muryarsa na rawa. Wanda aka rubuta wa, tambaya ta biyu ke tona shi. In aikin na rukuni ne, kowa ya san kowane babi, don ba ka san inda za a buɗe maka ba. In an tambaye ka abin da ba ka gwada ba, ka ce ba ka gwada ba. Wannan amsa ce karɓaɓɓiya.

Iyaye, in yaronku ko 'yarku ta ce a kawo kuɗin furojet, ku bayar gwargwadon hali, don ƙarfe da waya da bugu duk kuɗi ne. Amma ku yi tambaya. Me kake ƙerawa? Nuna min hoto. Wa zai amfana? Ko ba ku yi boko ba, za ku gane amsar wanda ke aiki. Kada kuɗinku ya tafi wajen sayen kundin da wani ya rubuta. In kuma kai manomi ne, ko mai walda, ko mai injin casa, ɗalibi ya zo yana neman ya auna wani abu a wurinka, ka taimaka masa, ka kuma gaya masa gaskiyar abin da ke ba ka wahala a sana'arka. Ɗalibi kuma ka ambaci wannan taimako a shafin godiya.

Bayan difens akwai gyara. Kusan kowa ana ba shi. Ka rubuta duk abin da aka ce, ko ka sa aboki ya rubuta maka yayin da kake amsa tambaya. Ka gyara ɗaya bayan ɗaya, ka kai wa sufabaiza ya gani. Kafin difens, ɗaurin wucin gadi ya isa. Kada ka kashe kuɗi a ɗaurin bango mai kauri sai sufabaiza ya amince da gyaran. Ka tambayi sashenku launin bangon da adadin kwafin da ake so, ka duba rubutun sunanka da lambarka a bangon kafin ka bar shagon, sannan ka bi masu sa hannu tun suna gari.

A nan za mu dakata a shirin yau. Allah ya ba ɗalibanmu sa'a, ya sa wa iyaye albarka a nemansu. Sai mun sake haɗuwa.